Daga Kadawa Zuwa Mil 12: Tarihin Muryar da Ke Ratsa Ƙarar Inji

Kafin ruwan Tiga ya sauko ƙasar Kura, labarin kasuwa ba abin gaggawa ba ne a wurin mutanenta. Garin ya yi suna da rini da bugu tun ƙarni na 19, kuma baƙin yadinsa mai sheƙi, wanda ake kira 'yan Kura, Buzaye ne manyan masu sayensa, har Agadas da gaba da can. Yadi ba ya ruɓewa. Gero da dawa ma suna shekara a rumbu. Idan farashi ya faɗi, falke sai ya ɗaure kayansa ya jira, labari kuwa ya zo a bakin ayari, ba wanda ya karye don ya ji shi da lattin kwana uku.

Gwamnatin Audu Bako ce ta sauya wannan lissafi. Tsakanin 1971 da 1974 aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, aka ja babbar hanyar ruwa zuwa filayen Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin a kan hekta 22,000, kuma bayan an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, kula da shi ya koma hannunta. Alkama ce a ran gwamnati. Manomi kuwa bai daɗe ba ya gane cewa kuɗin rani yana jikin tumatir da albasa da tattasai, shinkafa kuma ta mamaye damina. Tumatir shi ne ya kawo gaggawa. Kwandon da aka cika da safe, aka kai kasuwar Kwanar Gafan, aka loda a mota, yana da tafiyar kilomita kusan dubu kafin ya isa kasuwar Mil 12 a Legas, kuma kowace sa'a cin jikinsa take yi. Wanda ya ji cewa motoci sun yi yawa a Legas zai iya jinkirta tsinka, ko ya karkata kayansa Onica ko Fatakwal, ko ya yanka ya shanya ya yi kauɗa. Wanda bai ji ba, sai abin da dillali ya faɗa masa.

Ruwa ya zo, waya ba ta zo ba, kuma haka aka zauna kusan shekara talatin. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, bai taɓa kai layi rabin miliyan mai aiki ba kafin 2001, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100, kuma kusan dukkan layukan suna cikin birane. Rediyo tana magana da manomi, shi ba ya iya mayar mata. Direba shi ne wayar: ya tafi da kaya, ya dawo da kuɗi da labari bayan kwanaki.

An rubuta tarihin zuwan salula sau da yawa. Abin da ba a cika bin sawunsa ba shi ne muryar da kanta, wato yadda aka yi har mutumin da ke tsaye kusa da injin ban ruwa, hannunsa duk taɓo, yake faɗin farashi a ji shi sarai a Legas. Wannan ba eriya kaɗai ta yi shi ba. Aikin lissafi ne da ya ɗauki fiye da shekara hamsin, kuma babban kasonsa a yau yana cikin rubutun manhaja da masu shi suka bar wa duniya kyauta.

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya. Layi kaɗai ya kai naira dubu ashirin, kira kuma naira 50 a minti, ko da sakan biyar ka yi. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan sannan abin ya sassauto, aka samu masu laima da teburi a bakin titi suna sayar da kira, filashin ya zama yare mai zaman kansa. Muryar da wayoyin wancan zamani ke ɗauka siririya ce. Wayar tana auna sauti sau 8,000 a kowane sakan, ta yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa milisakan 20, wato kashi ashirin cikin dubu na sakan, sannan ta aika taƙaitaccen bayanin yadda maƙogwaro da baki suka fitar da wannan gunduwa, wayar can gefen kuma ta sake gina sautin daga bayanin. Dabarar da ke wannan matsewa da warwarewa ita ake kira kodek. Na farkon GSM yana cin kilobit 13 a sakan, kuma kamar wayar tangaraho, yana yanke kaifin sauti na sama, inda bambancin wasu baƙaƙe yake. Shi ya sa ɗan kasuwa ya saba maimaita adadi sau biyu ko uku kafin ya yarda an ji shi.

Waɗannan dabaru suna da masu su. Kodek ɗin AMR da ya zo daga baya a salula, da G.729 da aka yi ta amfani da shi a kiran intanet, duk an ɗaure su da haƙƙin ƙirƙira, a lokacin duk mai son sa su a na'urarsa sai ya biya. Tushensu ɗaya, wata dabara da aka ƙirƙiro a Jami'ar Sherbrooke ta ƙasar Kanada a ƙarshen shekarun 1980. A wannan jami'a ce kuma wani ɗalibi mai suna Jean-Marc Valin ya fara rubuta Speex a 2002, kodek ɗin magana wanda ba a biyan ko sisi a kansa, ƙarƙashin gidauniyar Xiph.Org. Kafin shi, Jutta Degener da Carsten Bormann a Jami'ar Fasaha ta Balin sun saki rubutun kodek ɗin GSM na farko a fili tun farkon shekarun 1990, amma Speex ne ya zo da niyyar kauce wa duk wata hanya da wani zai ce tasa ce. Ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja ke nan: rubutun da aka gina ta da shi yana fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya sa a kayansa, ya raba wa wasu. Valin bai tsaya ga matse murya ba. Ya haɗa wa Speex kayan share sauti: mai kashe amsa-kuwwa, mai rage hayaniya, da mai daidaita ƙarfin murya. Waɗannan uku su ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Amsa-kuwwa ita ce mafi tsufa kuma mafi taurin kai. Dalilinta mai sauƙi ne. Muryar wanda ke Legas tana fitowa ta lasifikar wayarka, makirufon wayar ya sake ɗaukarta ya mayar masa, sai ya ji kansa yana maimaita abin da ya faɗa bayan ɗan lokaci. Idan jinkirin ƙarami ne, kunne ba ya damuwa. Idan ya yi tsawo, mutum ba ya iya ƙarasa jimla. Kamfanonin waya na Amurka sun ci karo da wannan tun da layuka suka yi nisa, abin ya tsananta a shekarun 1960 da aka fara kira ta tauraron ɗan'adam. Maganinsu na farko shi ne toshewa: idan ɗaya yana magana, a rufe hanyar ɗayan. A 1967 Man Mohan Sondhi na ɗakin binciken Bell ya wallafa wata hanya dabam. Tun da na'ura ta san abin da ta fitar ta lasifika, za ta iya koyon yadda wannan sauti zai dawo, ta ƙirƙiri kwafinsa, ta ɗebe shi daga abin da makirufo ya ɗauka. Abin da ya rage shi ne muryar mai wayar. Kuma koyon ba ya tsayawa, domin da zarar mutum ya juya wayar ko ya matsa, hanyar da sautin ke bi ta canja.

A wannan gaɓa nake ganin al'amarin ya shafe mu fiye da mutane da yawa. Na farko, manomi ba ya kara waya a kunne idan yana aiki. Lasifika yake kunnawa ya ajiye ta a kan kunya ko a aljihun gaba, ya ci gaba da jan tiyo, kuma lasifika a buɗe ita ce uwar amsa-kuwwa. Na biyu, gaisuwarmu. Injiniyoyi sun yarda cewa lokacin da ya fi wahalar da mai kashe amsa-kuwwa shi ne sa'ad da mutum biyu ke magana tare, domin na'urar tana ruɗewa, ta kasa bambance abin da za ta ɗebe da abin da za ta bari. A wasu al'adu wannan kuskure ne da ke faruwa jefi-jefi. A wurinmu kuwa haka ake buɗe kowane kira. "Ina kwana, Alhaji?" bai gama fita ba "Lafiya lau, ya ruwa?" ya hau kansa, "ya iyali" da "madalla" suna saƙa da juna, ba wanda ke jiran wani ya yi shiru, kuma hakan shi ne ladabi. Na'urar da ke toshe gefe ɗaya tana datse rabin gaisuwar, dattijo ya zaci yaro bai amsa masa ba. Duk wani gyara da aka yi wa wannan ɓangare a shekarun nan, kunnen Bahaushe ya amfana da shi tun daga sallama.

Mafi kyawun wannan fasaha a farkon shekarun 2000 yana hannun wani kamfani da aka kafa a Stockholm ta Suwidin a 1999, Global IP Sound, wanda daga baya ya koma Global IP Solutions. Shi ne ya yi kodek ɗin iLBC da iSAC, kuma injinsa na sauti Skype ya hau sa'ad da ya fito a 2003. Kayansa na kuɗi ne, sai mai lasisi. A watan Mayun 2010 Google ya sayi kamfanin a kan dala miliyan 68, bayan shekara ɗaya kuma, a 2011, ya saki rubutun gaba ɗaya a fili da sunan WebRTC. Ba don Allah da Annabi ya yi ba. Yana so kiran murya da na bidiyo su koma cikin burauza, inda kasuwarsa take. Amma sakamakon ya wuce niyyarsa. Abin da jiya sai babban kamfani ke iya biya, ya zama kowane mai rubuta manhaja zai iya ɗauka. A cikinsa akwai wani sashe mai sarrafa sauti da ke karɓar murya milisakan goma-goma, ya tace gurnanin ƙasa, ya kashe amsa-kuwwa, ya rage hayaniya, ya ɗaga muryar da ta yi ƙasa ko ya sauke wadda ta yi sama. An ma yi masa wani mai kashe amsa-kuwwa na dabam, marar nauyi, don wayoyin da ƙwaƙwalwarsu ba ta da ƙarfi. Wani injiniya, Arun Raghavan, ya ciro wannan sashe ya mai da shi kundi mai zaman kansa don kwamfutocin Linux su yi amfani da shi, kuma ana ci gaba da sabunta kundin idan na asali ya canja. Signal da Jitsi da Google Meet duk a kan WebRTC suke, Telegram ma ya ari sashen sautin sa'ad da ya fara kira a 2017.

Sauye-sauyen da aka yi ta yi wa sashen tun daga lokacin ba masu ɗaukar ido ba ne, amma suna da nauyi. Babbar matsalar wayoyin Android masu araha, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu, ita ce ba a san tsawon lokacin da sauti ke ɗauka daga shigarsa lasifika zuwa dawowarsa ta makirufo ba. Kowane samfuri da nasa jinkiri, wani ma yana canjawa ana cikin kira. Idan mai kashe amsa-kuwwa ya kuskure wannan awo, zai ɗebe abin da ba shi ba. Ga kuma ƙaramar lasifika da aka ƙure wa ƙara, tana karkarwa, tana fitar da sautin da ya saɓa da wanda aka ba ta. Daga 2017 Google ya fara maye gurbin tsohon mai kashe amsa-kuwwa da sabo da aka sake rubutawa daga tushe, AEC3, wanda ke lalubo jinkirin da kansa ya riƙa bin sa. An sake gina mai daidaita ƙarfin murya shi ma, aka haɗa masa ɗan ƙaramin tsarin koyon na'ura da ke gane ko abin da ke shigowa magana ce ko ba magana ba, don kada ya ɗaga ƙarar inji ya zaci mutum ne ke raɗa.

A gefen kodek kuwa, 2012 ce shekarar da komai ya haɗu. Skype yana da SILK, wanda Koen Vos ya jagoranci yinsa, gwani wajen magana. Valin da abokan aikinsa suna da CELT, gwani wajen kiɗa da saurin isarwa. A zauren IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, aka haɗa su biyun aka fitar da Opus a watan Satumba, cikin takarda mai lamba RFC 6716, da sunayen Valin da Vos da Timothy Terriberry. Opus yana aiki daga kilobit 6 har 510 a sakan, yana iya sauka ko hawa ana tsakiyar magana gwargwadon ƙarfin sabis, kuma ba a biyan kowa kuɗin amfani da shi. Lissafin a bayyane yake: layin tangaraho na dijital yana cin kilobit 64 a sakan, wato kilobait 480 a minti, Opus kuwa idan aka saita shi a 16, minti guda kilobait 120 ne, muryar kuma ta fi faɗi da tsabta.

Ta WhatsApp abin ya iso gona. Ita kanta ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce, amma duk wanda ya leƙa jakar saƙonnin murya a wayarsa ta Android zai ga sunayensu suna ƙarewa da opus. An fara saƙon murya a watan Agustan 2013, kira kuma a 2015, daidai lokacin da Tecno da itel suka sa waya mai intanet ta kai ƙarfin talaka. A 2022 kamfanin ya ce ana aika saƙon murya biliyan 7 a kowace rana a duniya. Ba na jin akwai inda wannan ya yi daidai da buƙata kamar wurarenmu. Manomin da ya yi allo, yana karanta ajami amma boko bai zauna masa ba, saƙon tes bai taɓa zama nasa ba, sai ya nemi yaro ya karanta masa sirrinsa. Saƙon murya ya cire wannan ɗan tsakiya. Dillali ya faɗi yadda kasuwa ta tashi, direba ya faɗi inda mota ta lalace, shugaban ƙungiyar masu shan ruwa ya sanar da ranar da za a yashe hanya, mai turara shinkafa a cikin gida ta yi cinikin shanshera ba tare da ta fita ba. A 2016, shekarar da kamfanin tumatir na Ɗangote ya buɗe a Kadawa kuma ƙwaron Tuta absoluta ya cinye gonaki har farashin kwando ya yi tashin da ba a saba gani ba, akwai riga hanyar da mutum zai ɗauki hoton ganyensa ya haɗa da bayanin bakinsa ya tura. Haka a ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya kudu na wasu kwanaki, tumatir ya taru a arewa ya rasa mai saye, sanin halin hanya a kan lokaci ya zama bambanci tsakanin tsinka da barin kaya a jikin itace.

Saƙon murya yana da haƙuri, yana iya jiran sabis ya dawo. Kira ba ya jira. A intanet murya tana tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kuma ƙunsoshin ba sa isowa a jere: wani ya yi sauri, wani ya makara, wani ya ɓace. Duk wanda ya san tsarin ruwan Kadawa zai gane maganin da aka yi wa wannan. Ruwa yana tahowa daga Tiga dare da rana, amma manomi da rana yake ban ruwa, shi ya sa aka gina tafkunan da ke tara na dare, su sake shi daidai gwargwado idan gari ya waye. Wayar ma tana da irin wannan ma'aji, inda take tara ƙunsoshin murya na ɗan lokaci ta riƙa sakin su a jere. Idan ma'ajin ya yi ƙanƙanta, murya ta yi ta yankewa. Idan ya yi girma, jinkiri ya shigo, mutane su riƙa karo da maganar juna, kuma hukumar sadarwa ta duniya ta daɗe da ba da shawarar kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta yi daɗi. Ma'ajin da ke cikin WebRTC, mai suna NetEQ, gadon kamfanin Suwidin ɗin nan, yana faɗaɗa ma'ajin ko ya rage shi gwargwadon halin sabis, yana ɗan ja sauti ko ya matse shi yadda kunne ba zai lura ba, idan ƙunshi ya ɓace kuma ya cike gurbin da abin da ya yi kama da na bayansa. Muryar nan mai kama da ƙarfe da ake ji idan sabis ya raunana, har mutum ya ce "maganarka na ja," aikinsa ne yana ƙoƙarin kada layi ya yi tsit.

Sai hayaniya. A tsarin asali na aikin Kadawa ruwa da kansa yake gangarowa, da ɗan bututu ake tsallako da shi daga hanya zuwa gona, ba ƙara. Amma filayen da ke wajen tsarin, da na ƙarshen layi inda ruwa ba ya isa, da fadamu, duk da inji ake yi, tun da hukumar raya noma ta jihar Kano, KNARDA, ta yaɗa ƙananan injinan fetur a shekarun 1980, shirin Fadama na ƙasa kuma ya ƙara a shekarun 1990. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne ƙarar wannan inji tana cikin hayaniya mafi sauƙin cirewa, domin ba ta canjawa. Tun 1979 Steven Boll ya nuna hanyar: na'ura ta saurari gurbin da ke tsakanin kalmomi, ta auna sautin da ke nan daram, ta ɗebe shi daga sauran. Tsofaffin masu rage hayaniya na Speex da WebRTC jikokin wannan tunani ne. Inda suke kasawa shi ne hayaniya mai tsalle: hon ɗin babur, ƙarar lodi, bugun iskar hunturu a bakin makirufo, injin gyaran shinkafa na cikin Kura idan ya ci ya saki, da kuma mafi wuya, muryoyin wasu mutane a tsakiyar Kwanar Gafan, domin su ma magana ce. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 manoma da yawa sun koma gas ko sola, kuma injin sola kusan shiru yake aiki. Hayaniyar mai sauƙi ce ke raguwa, mai wuyar tana nan.

A 2017 Valin, yana aiki da Mozilla, ya fitar da RNNoise. Maimakon mutum ya zauna yana rubuta ƙa'idar abin da ke hayaniya da abin da ke magana, sai aka ciyar da ƙaramin tsarin koyon na'ura da dubban misalai har ya koyi bambancin. Ya raba sauti zuwa zango 22, tsarin ya yanke wa kowane zango hukuncin nawa za a bari, kuma ya yi shi marar nauyi har ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi tana ɗaukarsa. Ya kuma roƙi jama'a su naɗo hayaniyar inda suke su ba da gudummawa. Wannan roƙo ya nuna inda aka koma. A da, ingancin abin yana hannun mai lissafi. Yanzu yana rataye da irin sautin da aka koyar da na'urar da shi, abin da ba ta taɓa ji ba kuwa sai ta yi masa kirdado.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Annobar korona a 2020, wadda ta sa aka kulle Kano a watan Afrilu, ta tura duniya cikin kiran intanet, kamfanoni suka shiga tseren share murya. Ƙa'idar WebRTC ta samu amincewar ƙarshe a Janairun 2021. A wannan shekara Google ya fitar da Lyra, mai aiki da kilobit 3 kacal, wanda ke sake ƙera murya daga ɗan bayani kaɗan. A Maris 2024 Opus 1.5 ya fito da dabarar da ke cusa taƙaitaccen kwafin maganar da ta gabata, har ta kusan sakan guda, a cikin kowane ƙunshi, ta yadda idan sabis ya ɗauke na ɗan lokaci za a iya maido da abin da ya ɓace. Ga mai kira daga gonar da eriya ke nesa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abu biyu da nake ganin ya kamata mu sa wa ido. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, yana da baƙaƙe masu ƙyasti irin su ƙ da ts waɗanda Ingilishi ba shi da su. Tsohon kodek yana rage kyawun murya amma ba ya ƙirƙirar abin da ba a faɗa ba. Sabon kuwa, idan ya cike gurbi, daga abin da ya koya yake cikewa, kuma hawan murya ko saukarta a gaɓa ɗaya a wurinmu ma'ana ce, ba ado ba. Don haka yawan muryoyin Hausa a cikin taskokin da ake koyar da waɗannan na'urori ba batun alfahari ba ne, batun ciniki ne da amana. Hausa ta shiga taskar Common Voice ta Mozilla a 2021, inda kowa ke iya karanta jimla ya ba da muryarsa kyauta. Ana buƙatar muryar dattijo da ta mace da ta mutumin ƙauye a cikinta, ba ta ɗaliban birni kaɗai ba.

Na biyun shi ne ƙofar da aka buɗe a 2011 da 2012 ba dole ta zauna a buɗe ba. A watan Yunin 2024 kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya sanar da nasa kodek, MLow, ya ce a kilobit 6 ya ninka Opus inganci a ma'aunin da suka yi amfani da shi, yana kuma cin ƙarfin waya ƙasa da Opus da kashi 10 cikin ɗari. Ya ce ya yi shi ne don masu tsofaffin wayoyi da raunin sabis, wato mutanenmu ke nan, kuma ya riga ya sa shi a kiran Instagram da Messenger, yana shigar da shi WhatsApp. Amfaninsa a fili yake, ba na musun hakan. Sai dai bai saki rubutunsa ba sa'ad da ya sanar da shi. Ɗalibin injiniya a Jami'ar Bayero ko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil zai iya sauke RNNoise yau, ya ɗauki rakoda ya je Kwanar Gafan da tsakar rana, ya shiga layin masu injin shinkafa a Kura, ya tsaya a kan babbar hanyar ruwa lokacin da hunturu ke kaɗawa, ya naɗo abin da ya ji, ya sake koyar da tsarin, ya gwada shi a wayar itel, ya mayar da gyaransa ga masu kula da manhajar don kowa ya samu. Zai iya buɗe Opus ya auna ko yana riƙe karin sautin Hausa idan sabis ya yanke. Muddin rubutun MLow yana rufe, ba zai iya yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai ya jira abin da kamfanin ya turo a sabuntawa ta gaba.